WUTA BA TA CIN HAƘƘI: Waƙar Tsintuwa da Sharhinta

Muna farawa da sunan Allah, muna gode Masa a kan ni'ima da a kan jarraba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, waɗannan baitoci takwas ne da na tsara a kan wata mas'ala wadda duk mazaunin Duwala zai gamu da ita, ko ba daɗe ko ba jima. Mas'alar kuwa ita ce: idan gobara ta tashi, ko ruwa ya ci gari, ko mota ta kife, kayan mutane suka warwatsu ba mai tsaro, mene ne ya halatta mutum ya ɗauka, mene ne kuma bai halatta ba? 'Yan'uwa sun nemi in yi wa baitocin sharhi, na kuwa amsa, domin ni kaina na taɓa faɗawa cikin ramin da nake gargaɗi a kansa.

Kowa ya san inda muke zaune. New Bell ƙasa-ƙasa take. Tun 1914 da Jamusawa suka tsaga ta don su kawar da 'yan ƙasa daga tudun bakin kogin Wuri, baƙi suka yi ta cika ta, har da kakanninmu fatake da mahauta. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara yakan haura milimita 3,500, watau wajen ninki huɗu na abin da Kano ke samu. Gidajenmu da yawa na katako ne, a matse da juna, kwatoci kuwa cike da shara. Ta wajen wuta kuma, Kasuwar Kongo ta ƙone a 2012, ta sake ƙonewa a 2019.

A ranar Juma'a 21 ga Agusta 2020, a farkon Almuharram na 1442, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, unguwanni da yawa suka nutse. A ɗakina ruwa ya wuce gwiwa kafin hantsi. Muka ɗora yara a kan teburin da nake yankan yadi, gawayi ya jiƙe, gari ya zama kunu, rijiyar gida kuwa ta haɗe da abin da ya taso daga masai. Wajen azahar ƙaramin cikinsu ya fara kukan ƙishirwa. A bakin lungunmu akwai ɗan kantin katako na wata mata wadda ba Musulma ba ce, mijinta ya mutu, da kuɗin adashi ta kafa shi. Ruwa ya ture bangon baya, kaya suka fito suna yawo. Na shiga na kamo gorar ruwa uku da ba a buɗe ba, da gwangwanin kifi huɗu, na kai wa yara. Sa'an nan na koma. A komawar nan na ɗauko katan ɗin sabulu da galan na man gyaɗa, na tura su bisa kabad.

Tafiyar farko kukan yaro ne ya aike ni. Ta biyu kuwa ba wanda ya aike ni sai raina. Tsakanin tafiyoyin nan biyu duk mas'alar take, kuma a kansu na gina waƙar.

BAITI NA ƊAYA

Wuta takan ci rumfa har da ginshiƙi,
Ba ta cin haƙƙin mai ita, ya 'yan'uwa.

Sharhi: Ka sani, ya ɗan'uwa, dukiya tana da ƙofofi sanannu da take bi ta bar hannun wani ta shiga hannun wani. Akwai ciniki, akwai kyauta da sadaka, akwai ladan aiki, akwai wasiyya da gado. Ka duba littattafan fiƙihu daga Risala har Muhtasar, ba za ka sami gobara ko ambaliya a cikin ƙofofin nan ba. Abin da wuta ta cinye ya tafi. Abin da ta rage kuwa yana nan a kan sunan mai shi, ko da ya gudu da ransa ya bar kasuwa.

Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe tsakanin abin da bai taɓa shiga mulkin kowa ba da abin da ya taɓa shiga. Idan teku ya jefo abin da ba a taɓa mallaka ba, kamar ambar, na wanda ya same shi ne. Amma idan kayan jirgin da ya nutse ne ya jefo, hukuncinsu hukuncin tsintuwa ne, a nemi mai su. Masunci a Youpwe ya san wannan ba sai ya yi karatu ba: kifin da ya kama nasa ne, amma komar da ruwa ya kwaso daga wani kwalekwale ba tasa ba ce.

Mu Hausawa muna da karin maganar da muke lulluɓa da su, mu ce faɗuwar wani tashin wani, ko mu ce gaba ta kai ni, gobarar Titi. Waɗannan labarin halin duniya suke bayarwa, ba fatawa ba ce. Har kwanon rufi da ya ƙone da ƙarfen da ya lanƙwashe, waɗanda yara ke kwashewa su kai wa masu awo, suna da mai su. Sau da yawa su kaɗai ne jarin da ya rage wa ɗan kasuwa. Sai fa in ya ce ya bar su, ko ya zubar a juji da hannunsa, to, a nan sun halatta.

BAITI NA BIYU

Ruwa in ya kawo kaya ƙofar ɗakinka,
Baƙo ya kawo, ba rabo ba, ba ƙaruwa.

Sharhi: Idan ka ce mini, "Malam, in ban ɗauka ba ai ruwa zai lalata shi, ko wani ya ɗauka," sai in ce maka gaskiyarka, kuma shari'a ba ta ce ka naɗe hannu ba. Tsamo dukiyar ɗan'uwanka daga halaka wajibi ne ga wanda ke da iko, har malamai suka ɗora ramuwa a kan wanda ya iya ceto ya ƙi. Abin dubawa shi ne don wa ka ɗauka.

Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya kasa ɗaukar tsintuwa gida uku. Idan kana tsoron maha'inci zai riga ka, kuma ka san kanka da amana, ɗauka ta wajaba a kanka. Idan ka san kanka da ha'inci, ɗauka ta haramta, ka bar shi ga wanda ya fi ka. Idan ba ɗaya daga cikin biyun, ɗauka makaruhi ce. Dubi yadda hukuncin ya rataya a kan sanin da mutum ya yi wa zuciyarsa. Hannu biyu za su miƙa ga katan ɗaya, a ido iri ɗaya ne, amma ɗaya yana samun lada, ɗaya yana ɗaukar zunubi.

To, yaya mutum zai gane wanne ne hannunsa, alhali rai gwanin kawo uzuri ne? Ni dai ga ma'aunin da na samu bayan na sha kunya. Ka duba inda ka ajiye kayan. Mai ceto yakan ajiye a fili, ya kira shaida, ya ce wa maƙwabci, "Ka ga abin da na tsamo daga kantin wance." Mai wawaso yakan tura bisa kabad ya rufe da zane. Ni da na ɗauko gorar ruwa, a gaban kowa na wuce da ita. Sabulu kuwa sai da na waiga hagu da dama.

BAITI NA UKU

In ka ji tsoron yunwa za ta kashe ka, ci,
Cika cikinka, bar buhu, tsare rayuwa.

Sharhi: Rai ya fi dukiya daraja a shari'a, saboda haka larura tana buɗe abin da yake a rufe. Ma'anar larura a wurin malamanmu ita ce mutum ya ji tsoron halaka, ko da bisa zato mai rinjaye ne, ba sai ya kai gargara ba. Wannan ya shafi ranka da ran wanda ke ƙarƙashinka, kamar jariri da majinyaci da tsoho.

An tambayi Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, game da wanda yunwa ta matsa ya sami mushe, ya kuma sami amfanin gonar wasu ko dabbarsu. Abin da ya gani shi ne, in yana zaton masu abin za su gaskata larurarsa, ya ci daga nasu gwargwadon abin da zai kore masa yunwa, amma kada ya ɗauki kome ya tafi da shi. Sa'an nan ya nuna tsoronsa kada waɗanda ba su cikin larura su fake da wannan su riƙa cin dukiyar mutane. Ka ga Imamu ya buɗe ƙofa ga ciki, ya rufe ta ga buhu, kuma tun a Madina ya hango irin komawata ta biyu.

Haka nan Sayyidina Umar bai yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata ba a shekarar fari da ake kira Ramada, shekara ta 18 bayan Hijira. Da bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a suka sace taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, ya gane ubangidansu ne ke barinsu da yunwa, sai ya janye haddi, ya sa ubangidan ya biya dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Lura da kyau: haddi ya faɗi, haƙƙin mai taguwa bai faɗi ba.

Mai abinci shi ma akwai nasa nauyi. Wajibi ne ya ba mai larura rarar abincinsa da ruwansa, yana kuwa da kuɗinsa in mai larurar yana da abin biya. Da na auna kaina da wannan, na ga ruwan gora larura ce ta gaske, tunda rijiya ta ɓaci kuma yaro ƙarami ne. Kifin gwangwani akwai shakka, domin yunwar rabin yini ba ta kisa. Sabulu da mai kuwa ba su da wata fuska. Kuma ina da abin biya, saboda haka har ruwan bashi ne a wuyana.

BAITI NA HUƊU

Abin da ka ɗauka, riƙe shi amana ne,
Shekara guda kana cigiyar tsintuwa.

Sharhi: Asalin wannan babi shi ne hadisin Zaidu ɗan Halidu Aljuhani, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai tsintuwa ya gane jakar abin da maɗaurinsa, ya yi cigiya shekara guda. Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a Risala cewa a yi cigiyar inda ake tsammanin samun mai abin. Bayan shekara, in ba wanda ya zo, mutum ya ci gaba da ajiya, ko ya yi sadaka da shi, ko ya amfana da shi, amma duk ranar da mai shi ya bayyana yana da haƙƙin a biya shi. In kuwa abin ya salwanta a ajiya ba da sakacinka ba, ba ramuwa a kanka.

An sassauta a wuri biyu. Na farko abu ƙanƙane wanda mai shi ba zai waiwaye shi ba, kamar lemo ɗaya ko 'yar igiya. Na biyu abin da ke saurin lalacewa, kamar ɗanyen nama da tumatir, wannan ana iya ci in ba a san mai shi ba. Amma fa ka lura, duk wannan magana ce a kan abin da ba a san mai shi ba. Kayan da ka ga sun fito daga kantin da ka sani, ko suna ɗauke da sunan shago, ba su bukatar shekara. Cigiyarsu ita ce ka taka ka kai.

A aikace, ka yi shela a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ka gaya wa mai unguwa da shugabannin layin kasuwa, ka aika ta waya ga jama'ar da kake ciki. Kada ka faɗi dukan alamu. Ka ce an tsinci dilar yadi, mai ita ya zo ya faɗi launi da adadi. Abin da ka kashe wajen ɗauko da ajiya kana iya neman a mayar maka, amma ba kai za ka yanka wa kanka lada daga cikin kayan ba.

Mafi nauyi duka shi ne abin da ke jikin mamaci ko wanda ya suma, kamar a benen da ya rushe a nan Duwala cikin Yuli 2023. Kuɗin aljihunsa na magada ne, wataƙila marayu. Wayarsa da katinsa kuwa da su za a nemo danginsa. Wanda ya zare su ya haɗa cin dukiyar maraya da sa a binne mutum ba a san ko wane ne ba.

BAITI NA BIYAR

Kar ka ce na mai kuɗi ne, ko na kamfani,
Ko na wanda ba ya salla, ba su tsayuwa.

Sharhi: Hujjoji uku ne Shaiɗan ya fi kawo mana, kuma na ji dukansu a bakin mutanen kirki.

Ta farko, mai kuɗi ne, ba zai ji ba. Tsakaninmu da Bonapriso tafiyar ƙafa ce. Yaranmu da yawa suna gadi a can, wasu suna tuƙi, wasu suna gasa tsire a bakin titunanta. Suna ganin gidan da kuɗin abincin karensa ya fi albashinsu, sa'an nan su dawo su kwana cikin ruwa. Ba na musun wannan ciwo, kuma masu hali za a tambaye su game da maƙwabtan da suka kwana da yunwa. Amma haƙƙin talaka a dukiyar mai arziki yana da hanyarsa: zakka, da taimakon mai larura, da ladan aiki cikakke. Idan katanga ta faɗi mai gida yana tafiya, maigadin da ya kwashe kaya ya ci amana, kuma washegari an rufe ƙofar aiki ga Hausawa goma da ba su ci ba su sha ba.

Ta biyu, na kamfani ne ko na gwamnati, ba na kowa ba. Abin da ake cewa ba na kowa ba, in ka bi shi sai ka tarar na mutane da yawa ne. Akwai direba da ɗan dako da mai ajiya, waɗanda za a cire asarar daga albashinsu ko a tsare su. Waɗanda suka ga tarzomar Fabrairu 2008 a garin nan sun san abin da ya biyo bayan fasa kantuna: kasuwa ta rufe, abinci ya yi wuya, talaka ne kuma ya fi jin jiki.

Ta uku, ba Musulmi ba ne. Wannan ita ce mafi muni, domin ana jingina ta ga addini. Muna zaune da Duwala da Basa da Bamileke da sauransu bisa aminci, muna ciniki, muna shan rijiya ɗaya. Dukiyar wanda ke zaune da kai bisa amana haramun ce a kanka kamar ta Musulmi. Manzon Allah da zai yi Hijira, Sayyidina Aliyu ya bari a Makka don ya mayar wa mutanenta ajiyarsu, alhali su ne suka kore shi.

BAITI NA SHIDA

Man da ya malale kar ka kai masa bokiti,
Nsam ta isa wa'azi ga mai tunawa.

Sharhi: Ranka ma amana ne, ba ka da izinin jefa shi cikin halaka don abin duniya. A ranar 14 ga Fabrairu 1998, a unguwar Nsam ta Yawunde, taragun jirgin ƙasa masu ɗauke da mai suka yi karo, mai ya malale. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta kama, mutum fiye da 200 suka mutu. A Yamai, cikin Mayu 2019, tanka ta kife aka taru ɗiba, fiye da 50 suka ƙone. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, fiye da 150 aka rasa ta wannan hanya. Allah Ya jiƙansu. Yawancinsu talakawa ne da matsi ya tura, ba na ambatonsu don zargi, sai don kada jininsu ya tafi ba mu koyi kome ba.

Ka sani, tururin fetur ya fi iska nauyi, yana rarrafe a ƙasa ya yi nisa ba ka ganinsa. Wutar sigari, ko tayar da babur, ko bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, ya isa. In ka ji warinsa, ka riga ka yi kusa, ka ja yara ka yi nisa.

Haka nan bayan gobara: bangon da ya sha wuta yana faɗowa ba sallama, tukunyar gas tana fashewa bayan an zaci wuta ta mutu. Bayan ambaliya kuma, kada ka taka ruwan da wayar lantarki ta faɗa ciki. Shinkafa da gari da duk abin da ruwan kwata ya ratsa, zubar da su, ko naka ne. Gwangwanin da bai kumbura ba, bai huje ba, a ɓare takardarsa a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta kafin a buɗe. Maganin da ya jiƙe ko ya sha zafi kada a sha, kada a sayar. Ruwan rijiya a tafasa. Ba mu manta da kwalarar 2004 a garin nan ba. Wanda ya shanya shinkafar da ta sha kwata ya kai kasuwa, garin neman gira zai rasa ido, kuma ya ɗauki alhakin duk wanda ya ci.

BAITI NA BAKWAI

Ku tara a zane ɗaya, ku raba daidai,
Ku rubuta sunan kowa don gudun mantuwa.

Sharhi: Wa'azi kaɗai ba ya tsare mai yunwa, sai jama'a ta yi masa hanya. An yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, domin in guzurinsu ya ƙare ko abincin iyalinsu ya yi ƙaranci, sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba da mudu ɗaya. Abu Ubaida ma, da yunwa ta kama rundunarsa ta mutum 300 a gaɓar teku, haka ya tara guzuri yana rabawa, har ya kai dabino ɗaya ga mutum a yini. A ɗaya gefen kuma, hadisin Rafi'u ɗan Hadiju ya nuna cewa da yunwa ta sa wasu suka yi gaggawar yanka dabbobin ganima kafin rabo, Manzon Allah ya sa aka kifar da tukwanen. Yunwa ɗaya ce a wuraren nan uku. Inda aka tara aka raba an sami yabo, inda kowa ya miƙa hannu an kifar da tukunya.

Saboda haka ina ba kowace zawiya da kowane masallacin unguwa shawara su shirya tun kafin watan Yuli ya kama. A zaɓi mutum uku amintattu. A sayi littafi guda. A ware wuri mai tudu. Ranar da abin ya auku, duk wanda ya tsamo wani abu ya kawo nan, a rubuta mene ne, daga ina, wa ya kawo. In akwai gidan da larura ta kama, a ɗiba masa daga abin da 'yan'uwa suka tara. In bai isa ba sai an taɓa kayan wani, a ɗibi gwargwadon bukatar yini, a rubuta shi bashi a kan jama'a. Samari kuma su tsaya a bakin shagunan da suka buɗe, na Musulmi da na wanda ba Musulmi ba, su buɗe hanya ga masu kashe gobara. Da akwai littafin nan a lungunmu a 2020, da na sami inda zan kai sabulu kafin raina ya rinjaye ni.

BAITI NA TAKWAS

Dare yakan rufe ɗauka, gari zai waye,
Da mai kaya da Mai kowa akwai gamuwa.

Sharhi: Ran Asabar ruwa ya janye. Matar nan ta zo ta zauna a kan dutse tana tsintar abin da laka ta bari, ranar biyan adashi kuwa na matsowa. Na wuce ta sau biyar a yini zuwa masallaci, ina gaishe ta, ina yi mata jaje, katan yana bisa kabad. Kwana uku na yi haka. Abin da ya hana ni mayarwa ba son sabulu ba ne kuma, kunya ce: yaya mai koyar da yara zai sallama da kayan mutane a ka? A dare na uku na tashi nafila, na kasa haɗa hankalina, na gane cewa kunyar lungu ɗaya ta fi sauƙi a kan kunyar ranar da za a biya bashi da lada.

Da safe na ɗauka na kai mata, na gaya mata yadda aka yi ban rage kome ba. Ta ƙirga sabulu, ɗaya babu, domin an yi wanki da shi a gidana. Na biya shi, na biya kifi. Kuɗin ruwa ta ƙi karɓa, ta ce na yaro ne. Ta kuma ce duk abin da ruwa ya fitar, wannan ne na biyu da ya dawo.

To, ya ɗan'uwa, in akwai irin wannan bisa kabad ɗinka, tuba ba ta cika sai da mayarwa. In abin yana nan, mayar da shi. In ya ƙare, biya kwatankwacinsa ko kuɗinsa. In mai shi ya mutu, kai wa magada. In kunya ta yi maka yawa, aika ta hannun liman, abin nufi dai haƙƙi ya isa ga mai shi. In ka nema iyakar ƙoƙari ba ka same shi ba, yi sadaka da niyyar ladan nasa ne. Kada ka jira sai ka yi arziki, fara da abin da ke hannunka yau.

Allah Ya tsare garuruwanmu daga wuta da ruwa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya wadata mu da halal ga barin haram. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan sharhi ya gyara, ya kuma sa ni a addu'a.